Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Kalmar "Typical" a Turanci

Kalmar "typical" tana cikin siffofin Turanci da ɗalibai ke yawan sakawa a insha'in jarrabawar WAEC da NECO, amma da yawansu sun ɗauka cewa tana nufin duk abin da ya yawaita, alhali ma'anarta ba ta kai wannan faɗin ba. Ana kiran abu da ita ne idan ya tattara alamomin da aka san jinsinsa da su, har a iya nuna shi a ce ga samfurin sauran.

Asalin kalmar yana taimakawa wajen riƙe wannan ma'ana. Ta samo tushe daga kalmar Girkanci "typos", wato alamar da bugu ke bari a jikin abu, kamar yadda hatimi ke barin zanensa a kan takarda. Ta biyo ta harshen Latin ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 17 da ma'anar abin da ke wakiltar wani a matsayin alama, sai a ƙarni na 19 ma'anar da muka sani yau ta kafu.

Babban kuskure shi ne haɗa ta da "common". Mai son ya ce zazzaɓin cizon sauro ya yawaita da damina zai rubuta "Malaria is common in the rainy season", domin maganar yawa yake yi. Idan kuwa alamar da aka san cutar da ita yake nufi, sai ya ce "Fever is typical of malaria". Gyaran shi ne mai rubutu ya tambayi kansa ko wane jinsi ne abin yake wakilta, idan bai sami amsa ba, to wata kalmar yake bukata.

Misalin "Fever is typical of malaria" ya kai mu ga kuskure na biyu, domin "of" ce ke bin kalmar idan ana danganta hali ga mai shi. "It is typical of him to come late" daidai ne, amma sanya "to" a gurbin "of" kuskure ne da ke jawo asarar maki. Ana samun "for" a jimloli irin su "typical for this time of year", sai dai ya fi wa mai koyo sauƙi ya riƙe "of" tukuna.

A furuci, gaɓar farko "ti" ce gajera, ba "tai" irin ta "type" ba, ko da yake tushensu ɗaya. Mu Hausawa muna da ƙarin aiki a nan, saboda harshenmu yakan mayar da "p" zuwa "f", don haka sai a haɗe leɓɓa sosai kafin a saki sautin. A rubutu kuma "typically" tana da "l" biyu, kuma "atypical" a haɗe kishiyar kalmar ce, ba daidai take da "a typical" a rabe ba.

Abin da na fi so a kiyaye shi ne nauyin kalmar idan an jingina ta ga mutane. Baturen Ingila yakan ce "Typical!" ita kaɗai idan wani ya sake yin abin da ya saba ɓata masa rai, saboda haka tana iya ɗaukar ƙorafi. Wanda ya kira abokin aikinsa "a typical villager" da niyyar yabon sauƙin kansa, mai yiwuwa a ji maganar a matsayin raini, don haka ya fi kyau ya ambaci halin da yake yabo kai tsaye.