Matakan Gyara Ƙarancin Matsin Ruwa a Boilar Gas

A yawancin gidajen Birtaniya, boilar gas guda ce ke ɗumama ɗakuna tana kuma ba da ruwan wanka. Idan ta tsaya, da farko a duba lambar da ta fito a allonta, domin kowane kamfani da tasa: F22 a Vaillant, F1 a Ideal, da E119 a Baxi duk suna nufin matsin ruwa ya sauka.

Sai a kashe ta, a bari ta huce. Daga nan a nemo gajeren tiyon cika ruwa da ke ƙarƙashinta, a buɗe famfunansa a hankali ana kallon ma'auni, har allura ta kai tsakanin bar 1 da 1.5 (bar shi ne awon matsin ruwa), sannan a rufe su gam, domin ruwan da ya yi yawa shi ma matsala ne. Bayan haka a kunna ta.

Idan matsin ya sake sauka cikin 'yan kwanaki, wataƙila wani bututu na yoyo, kuma wannan aikin injiniya ne mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu izinin aikin gas a Birtaniya. Kada a buɗe murfin boilar. In an ji warin gas, a buɗe tagogi, a fita, a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.