Masu gina shafin Hausa, ku gwada salon haruffa kafin ku zaɓa

Kafin ka ɗora kowane salon haruffa a shafinka, liƙa wannan jimlar a akwatin gwaji na Google Fonts, shafin Google na salon haruffa (font):

Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ƙarƙashin ɗaki. Ƙofa, Ɓaure, ƴaƴa.

Sai ka zuba wa ƙ, ɗ da ɓ ido.

Idan sun fi sauran kauri, ko sun karkace, ko akwati ya fito a gurbinsu, salon ba shi da su. Bar shi komai kyansa.

Yawancin salon an zana su ne don harsunan Turai. Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, idan ta rasa harafi sai ta aro daga wani salon, kalma ta fito kamar riga mai faci. Mai raunin gani shi ya fi shan wahalar karantawa. Wasu kuma don gudun haka sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya, wanda a ganina ya fi muni.

Noto Sans na da su duka. Haka Andika da Charis na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, kuma kyauta ne.

Gwada da rubutu mai kauri da na gicciye (italic) ma, kada ka manta da ƴ saboda masu karatu a Nijar.

Inda dabarar ba ta isa ba: idan ka sauke salon ka rage masa nauyi, ka bar haruffan Turanci kaɗai, namu sun tafi. Idan kuma shafin ba a UTF-8 (tsarin adana haruffa a kwamfuta) yake ba, shirme zai fito ko da wane salo.

Bayan ka ɗora, buɗe shafin a ƙaramar wayar Android ka duba, ba a kwamfutarka kawai ba.