Yadda Ake Kallon Fim Ɗin Titanic a Gane Abin da Yake Riƙe Mai Kallo

Duk wanda ya zauna kallon Titanic, fim ɗin da James Cameron ya fitar a watan Disambar 1997, ya riga ya san cewa jirgin zai nutse, amma hakan ba ya hana shi share minti 194 a gaban allo yana fatan a ce wannan karon za a kauce wa dutsen ƙanƙarar. A ganina wannan sanin ƙarshen shi ne gishirin fim ɗin, domin kowace dariya da aka yi a sa'a ta farko mai kallo yana auna ta da abin da ya san yana tafe. Saboda haka shirin kallo yana farawa ne da neman lokaci. Kada a yanka shi gunduwa-gunduwa a waya tsakanin hidimomi, a ware masa dare guda, a kashe fitila, a kuma ɗaga sauti. Wanda zai kalla tare da iyali ya sani akwai wurare biyu a tsakiyar fim ɗin da ba su dace da idon yara ba, gara ya riƙe rimot a hannu.

Kafin a kunna, yana da kyau a riƙe 'yan bayanai a ka. An ƙera jirgin a birnin Belfast, tsawonsa kimanin mita 269, kuma ya tashi daga Southampton ta Ingila ranar 10 ga Afrilun 1912, ya tsaya a Cherbourg ta Faransa da Queenstown ta Ayilan, sannan ya nufi New York ɗauke da mutane sama da 2,200. Kwale-kwalen ceton da ke cikinsa 20 ne, waɗanda ko an cika su maƙil mutum 1,178 kawai za su ɗauka, kuma abin takaici shi ne wannan adadi bai saɓa wa dokar lokacin ba. Wanda ya san wannan lissafi zai ji nauyin wurin da Rose, jarumar fim ɗin, take tambayar Thomas Andrews, injiniyan da ya tsara jirgin, game da ƙarancin kwale-kwalen tun ana cikin shan iska a saman bene.

A kashi na farko, shawarata ita ce a ɗauki Jack da Rose a matsayin 'yan rakiya masu zagayawa da mai kallo cikin jirgin. Soyayyar matalauci mai zane da 'yar masu hali dabara ce da ta ba daraktan damar hawa da sauka tsakanin benayen da a zahiri fasinja ɗaya ba zai taɓa ratsawa ba. A bi su sau da ƙafa, a lura da babban matakalar katako mai agogo, da dogayen lungunan aji na uku masu farin fenti, da ɗakin tukwane inda ma'aikata suke ɗura kwal cikin wuta jikinsu sharkaf da gumi, domin duk waɗannan wurare za a sake ganin su cikin ruwa, kuma wanda ya san su a bushe shi ne zai ji zafin ganin su a jiƙe. Akwai wurin da Jack yake zaune a teburin manya, an jere masa cokula da wuƙaƙe dama da hagu har ya rasa wanda zai ɗauka, sai Margaret Brown, wata attajira cikin fasinjojin, ta raɗa masa cewa ya fara daga na waje ya yi ciki. Jim kaɗan kuma sai ga shi a ƙasa ana kiɗa da rawa a kan katako. A wannan ɗan tsakanin an nuna bambancin aji fiye da yadda dogon jawabi zai nuna, kuma bambancin ya kai har ga mutuwa, tunda fiye da rabin fasinjojin aji na ɗaya sun tsira, alhali na aji na uku kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka kai labari.

Mai kallo Bahaushe ba zai sha wahalar gane damuwar Rose ba. Uwarta tana ɗaure mata rigar ciki tana ja da ƙarfi, tana tuna mata cewa mahaifinta ya rasu ya bar musu suna mai kyau da tulin bashi, don haka auren attajirin da aka yi mata baiko da shi ba abin da za a yi shawara a kai ba ne. Auren dole ke nan da aka sani a littattafanmu na soyayya, sai dai wannan an yi masa ado da lu'ulu'u.

Idan aka zo daren hatsarin, sai a koma kallon agogo. Jirgin ya gogi dutsen ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na daren 14 ga Afrilu, ya ɓace cikin teku da ƙarfe 2:20 na daren, wato sa'a biyu da minti arba'in. An raba ƙasansa gida 16 da bangayen ƙarfe masu tare ruwa, kuma an tsara shi yadda zai ci gaba da yawo a kan ruwa ko da huɗu na gaba sun cika, amma ƙanƙarar ta buɗe fiye da huɗu, sai gaban ya riƙa nutsewa ruwa yana tsallake bango yana zuba cikin na bayansa. A saurari wurin da Andrews yake shimfiɗa taswirar jirgin a gaban Kyaftin Edward Smith yana yi masa wannan bayani, domin daga nan ne komai ya zama lissafi. Daga wannan lokaci a riƙa lura da yadda bene yake ƙara karkata daga fitowa zuwa fitowa, da kuma yadda kwale-kwalen farko suke sauka da guraben zama a buɗe saboda mutane ba su yarda jirgin zai nutse ba. Wannan ya faru da gaske, har akwai kwale-kwale mai ɗaukar mutum 40 da ya tafi da mutum 12.

Haka nan kada ido ya tsaya a kan taurarin biyu kaɗai, a duba gefe-gefen allo. Makaɗan da suka ci gaba da goge har ƙarshe mutane ne na gaskiya, su takwas ƙarƙashin Wallace Hartley, kuma babu wanda ya tsira a cikinsu. Tsoho da tsohuwar da aka nuna kwance rungume da juna ruwa yana malala a ƙarƙashin gadonsu suna tuna wa mutum Isidor Straus da matarsa Ida, wadda aka ba ta wuri a kwale-kwale ta ƙi shiga ba tare da mijinta ba. Ni dai waɗannan 'yan daƙiƙu sun fi taɓa ni fiye da duk rantsuwar da Jack da Rose suka yi wa juna.

Bayan an gama kallo sai a zauna a tace tsaki daga tsakuwa. Jack da Rose da lu'ulu'un da ake nema a tarkacen jirgin duk ƙirƙira ce, ko da yake akwai kabari a Halifax ta Kanada mai ɗauke da sunan J. Dawson, na wani ma'aikacin kwal ne mai suna Joseph wanda ba shi da alaƙa da labarin. Inda fim ɗin ya yi kuskure mai nauyi shi ne a kan William Murdoch, babban jami'in da aka nuna yana karɓar kuɗi, yana harbin fasinjoji, sannan ya harbe kansa, abin da babu tabbatacciyar hujja a kansa, wanda ya sa danginsa da mutanen garinsu Dalbeattie a Sikotilan suka yi ƙorafi har wani mataimakin shugaban kamfanin shirya fim ɗin ya je ya ba da haƙuri. An kuma cire labarin jirgin Californian da ke kusa a daren amma bai kawo ɗauki a kan lokaci ba. Karyewar jirgin gida biyu kuwa gaskiya ce, wadda aka daɗe ana musu a kanta sai da aka gano gawarsa a 1985 a zurfin kimanin mita 3,800, kuma hotunan tarkacen da ke farkon fim ɗin wasunsu Cameron ya ɗauko su ne da kansa a nutson da ya yi a 1995.

Muhawarar ko katakon da Rose ta kwanta a kai cikin teku bayan nutsewar jirgin zai ɗauki mutum biyu ba ta cancanci dogon lokaci ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne ruwan yana da sanyin da ya kai kusan digiri biyu ƙasa da sifili, kuma yawancin waɗanda suka faɗa cikinsa sanye da rigar ceto sanyi ne ya kashe su cikin ƙasa da sa'a guda. Don haka a kallo na biyu a mai da hankali ga wurin da jami'i Harold Lowe yake komawa da kwale-kwalensa yana haska fitila a tsakanin gawawwaki yana kira ko akwai mai rai, a kuma saurari yadda ihun ɗazu ya koma shiru. Jirgin Carpathia bai iso ba sai wajen ƙarfe 4 na asuba, ya kwashi mutum kusan 700, ya sauke su a New York ranar 18 ga Afrilu.