Darasi na 9: Idan Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura

Kwana 12 da haihuwa, wata mai jego a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu ta wayi gari ƙafarta ta hagu ta kumbura. Sha-raɓarta na ciwo, ga zafi in an taɓa. Ta dama kuwa lafiya lau.

Surukarta ta ce, "Sanyi ne. A kawo man zafi in murza mata."

Ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Inna, don Allah kada a murza. A kai ta asibiti yau, a yi mata hoton ƙafa."

Jini yakan daskare a cikin babbar jijiyar da ke can cikin naman ƙafa, ya zama guda, ƙafar ta kumbura. Mai ciki da mai jego, har zuwa mako 6 bayan haihuwa, sun fi shiga wannan haɗari. Haka wanda aka yi wa tiyata, da mai karaya, da wanda ya daɗe a kwance. In gudan ya ɓalle, jini zai kwashe shi zuwa huhu. Shi ya sa ake hana tausa. Ƙaho da tsaga ma ba sa kaiwa inda yake.

Na'urar hoton irin wadda ake duba ciki da ita ce. Babu allura, babu yanka, ba a hana mutum cin abinci. Za a shafa wani mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar a matsematsi, a bi cinya har bayan gwiwa. Duk inda mai hoton ya tsaya sai ya danna. Lafiyayyar jijiya takan lotse ta shafe, kamar an taka tiyon ban-ruwa da babu komai a ciki. Wadda jini ya daskare a cikinta ba ta lotsewa. Dannawar na iya ɗan yin ciwo, sai haƙuri. Yawanci rabin awa ya isa.

In an ga gudan, likita zai ba da maganin da ke hana jini daskarewa, galibi na wata 3 ko fiye. In ba a gani ba, yana iya cewa a dawo bayan mako ɗaya a sake. A dawo ɗin.

Amma in numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko aka yi tari da jini, wataƙila gudan ya kai huhu: ko da tsakar dare ne a nemi mota a tafi asibiti.

Aiki: Rubuta abin da za ka faɗa wa Inna da ta ce a kawo man zafi.