Yadda Ake Haɗa Katin Takarda Mai Kunna Fitila

Tanadi kwali, tef na jan ƙarfe, ƙaramin ƙwan LED da batirin CR2032 mai bolt 3.

1. Zana layi biyu da fensir, daga kusurwar kwalin zuwa inda ƙwan zai zauna. Kada su haɗu.
2. Manna tef ɗin a kansu. In ka zo kwana, lanƙwasa shi kawai, kada ka yanke, domin gam ɗin ƙasansa kan hana wuta wucewa.
3. Ware ƙafafun ƙwan, kowace a layinta, ka danne da tef. Doguwar ita ce +.
4. Ɗora batirin kan layin gajeriyar ƙafar, alamar + tana sama. Ninko kusurwar har ɗaya layin ya taɓa samansa. Wannan ninkin shi ne makunni.

In bai kama ba, fara juya batirin kafin ka zargi ƙwan.