Yadda za ki shirya wa yaron da aka yaye wurin aikinsa a tsakar gida

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, babu abin da yaro yake so kamar ya yi abin da ya ga manya suna yi. Kina shara ya kama tsintsiya, kina tankaɗe ya tsoma hannu a rariya, abin da yake samu kuwa shi ne "tashi ka ba ni wuri". Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, a kan wannan kwaɗayin ta gina tsarinta: a ba yaro kayan aiki na gaske daidai hannunsa, a nuna masa, a janye. Ba sai kin nemi makaranta mai tsada a Gusau ba, kusan duk kayan suna madafinki.

Ki zaɓi kusurwa mai inuwa, nesa da murhu da rijiya da turken dabbobi. Ki shimfiɗa ƙaramar tabarma, ki ɗora katako a kan bulo biyu ya zama kanta wadda ba ta wuce ƙugun yaro ba. Aiki uku ko huɗu kawai za ki jera, kowanne a kan faifansa ko tirensa. In suka yi yawa ba zai zaɓa ba, watsarwa zai yi.

A fara da juye busasshen hatsi. Kofi biyu ƙanana iri ɗaya, ɗaya da gero ko shinkafa kamar sulusinsa, ɗaya babu komai. Kada ki cika, wuyan hannunsa bai yi ƙwarin riƙe nauyi ba tukuna. Wake da gyaɗa da masara da aya ba na wannan shekarun ba ne, suna maƙalewa a maƙogwaro, suna kuma shiga hanci da kunne.

Wurin nunawa ne yawancin iyaye mata suke kuskure. Ki zauna a gefen damansa, ba a gabansa ba, don ya ga hannunki ta fuskar da zai ga nasa. Ki ɗaga kofin da hannu biyu, ki karkata a hankali har ƙwayar ƙarshe ta faɗa, ki ajiye, ki tsince abin da ya zube a faifai ki mayar. Duk wannan ki yi shi shiru. Da kin fara bayani idonsa zai bar hannunki ya koma bakinki. Sai kin gama za ki ce, "To, kai ma gwada." Daga nan ki naɗe hannuwanki. Zai zubar, zai juye a gefen kofi, zai maimaita har ki gaji da kallo, kuma a wannan maimaitawar koyon yake. Geron da ya gani a faifai ya isa ya faɗa masa ya kauce, ba sai kin ce komai ba.

In ya daina zubarwa sosai, ki kawo ƙaramin ludayi ya riƙa kwasa daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Bayansa sai ruwa: 'yar buta da ruwa rabin kofi, da tsumma a gefe don ya goge da kansa. A hunturu ki bari sai hantsi ya dubi ludayi, kada sanyi ya kama shi da jiƙaƙƙiyar riga.

Shara kuma, ki datse tsintsiya ta koma kamar santimita 30, ki zana da'ira da gawayi a ƙasa, ki ce ya tara sharar a ciki. "Share nan" ba shi da iyaka a wurin yaro, amma da'ira yana ganinta. Ki kafa ƙusa daidai kafaɗarsa don rataye riga, ki ware wurin silifas ɗinsa a bakin ƙofa. Ki fara masa da wando mai roba kafin mai maɓalli. Ayaba ki ɗan tsaga masa kanta ya ɓare, dafaffen ƙwai ki fasa ɓawon ya ƙarasa.

Babbar matsala a gidan yawa ita ce masu taimako. Yaya ta fizge ta ce "kawo in yi maka", kaka ta ce ana wahalar mata da miji. Ki lallaba su: "Inna, a bar shi ya gwada, in ya kasa zai kira." Yayyen kuma ki ba su aikin nunawa, da sharaɗin ba sa taɓa kayan in yana kai. Ke ma in ya nutsu kada ki katse shi, ko da yabo ne. Tafi da "yauwa, jarumi!" suna sa ya bar kofi ya koma neman idonki.

Yaron da ya fara jifa da kaya, ko dai aikin ya fi ƙarfinsa, ko ya yi masa sauƙi, ko yunwa da barci ne. Ki ɗauke ba faɗa, ki dawo da shi bayan mako guda. In yana gardama ki ba shi zaɓi tsakanin biyu kawai: gero ko tsintsiya?

Barinsa ya yi da kansa ba yana nufin ki bar wurin ba. Ruwa kaɗan a bokiti ko baho ya isa ya halaka yaron da ya kifa ciki da ka, don haka a zubar ko a rufe. Kananzir da fiya-fiya su koma sama, kuma kada a zuba su a gorar lemo. A yankunan da ake haƙar zinare akwai ƙari: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta hanyar ƙurar duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje. Kada ki ba yaro ƙasa ko tsakuwa daga wurin niƙa ya yi wasa, kada ki zuba masa hatsi a turmi ko kwanon da ya taɓa waɗannan duwatsu, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai.