Yadda ake ɗumama ɗaki da kasko lokacin hunturu

Tun da sanyi ya shigo mutane ke ta tambayata yadda za su ji ɗumi da kaskon wuta ba tare da sun jawo wa kansu masifa ba. Ga yadda nake yi:

1. A samo busasshen gawayi. Mai danshi hayaƙi ya fi yi.
2. A hura wutar a tsakar gida. Kada a kusanto da fetur, ko ɗigo ɗaya.
3. A yi ta fifitawa har garwashin ya yi jawur, hayaƙi ya ɗauke.
4. A yayyafa masa toka kaɗan, zai fi daɗewa.
5. A buɗe taga kafin a shigo da kaskon.

Hattara, a nan ake yawan kuskure. Garwashi yana fitar da iska mai guba, ba ta wari, ba a ganinta, ko da hayaƙi ya ƙare. Na san iskar asuba tana ratsa ƙashi, amma don Allah kada a toshe taga da tsumma.

6. A ajiye kaskon a kan siminti, nesa da katifa, labule da gidan sauro.
7. A bar babba ɗaya kusa da shi in akwai yaro mai rarrafe.
8. A fitar da shi kafin a kwanta. Ba a barci da garwashi a ɗaki.
9. A kashe shi da ruwa ko yashi.

In wani ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, kowa ya fito waje nan take, a kai shi asibiti.